Hawan Ƙahon da Muka Je Gani a Girka

Mijina ɗan mahauta ne. Na fara da wannan ne domin shi bai taɓa fara zance da shi ba. A ƙauyenmu, can bayan Minjibir, inda gonar wani take ƙarewa a gindin dangar wani, asali ba ya ɓoyuwa. Kowa ya san mahaifinsa ne ake kaɗa wa kalangu ranar jajiberin salla, ya ɗaura warki, ya durƙusa a gaban bijimin da samari suka riƙe da igiya, sai bijimin ya kawo suka sannan shi ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya. Ni ban riske shi yana yi ba, amma tsofaffi sun ce a hawan ƙaho ba a yi kamarsa ba a yankin nan.

Malam kuwa, haka nake kiran mijina, boko ce ta ɗauke shi tun yana ƙarami. A makarantar kwana yara suka riƙa toshe hanci in ya wuce, wai yana ƙarnin jini, sai ya koma cewa mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Daga nan bai ƙara tsayawa kallon hawan ƙaho ba. In ya zo hutu ya ji kalangu, sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Tsohon ya lura, bai ce komai ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ba na ganin laifin Malam shi kaɗai. Ni 'yar gidan malamai ce, a kan allo na tashi, kuma na ji irin tsakin da aka ja a zauren gidanmu ranar da ya aiko neman aurena.

Tarihi ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. A cikin littattafansa akwai wani mai jan bango, a ciki kuma akwai wani ɗan hoto baƙi da fari, bai fi tafin hannu ba. Zane ne da aka tono a bangon fadar wani tsohon sarki, a wani tsibiri na ƙasar Girka: bijimi ya miƙe a guje, mutum ɗaya ya riƙe ƙaho, ɗaya yana alkafura a gadon bayansa, ɗaya yana baya ya miƙa hannu. Muna sababbin aure ya nuna mini, ya ce, “'Yar malam, duba nan. Tun kafin zuwan Annabi Isa ake hawan ƙaho, kuma a bangon sarki aka zana shi.” Na ce to, Allah ya kyauta, na ci gaba da tankaɗena. Sai da shekaru suka tura na gane ba darasi yake ba ni ba. A duk duniya wannan hoton ne kaɗai wurin da yake iya duban mahaifinsa bai sunkuyar da kai ba.

Idonsa ya fara ja da baya ne bayan ritaya. Ya riƙa tuntuɓe da buta, yana cin karo da gefen rumbu. 'Yar farinmu, wadda take aikin jinya a Jamus, ta yi ta fama har ta samo mana biza, muka je likitan can ya duba shi. Hawan jinin ido ne. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma yana bin sahu. Gani ya tsuke masa, ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Yana iya ganin abu, amma sai an bar shi ya tsaya, ya bi shi da kai sannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya harhaɗa shi a zuciya.

Yarinyar nan ta san littafin mai jan bango, ta tashi tana ganinsa. Ba ta yi shawara da kowa ba ta je ta biya mana tafiya irin wadda kamfani yake shirya komai: jirgi, otal, abinci, mota, da mai yi wa mutane jagora tana ba su tarihi. Ita aiki ya hana ta bin mu. Ranar da ta faɗa masa, Malam ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Da yake ba ma kiran sunanta, abin da ya iya cewa kawai shi ne, “Ke yarinyar nan, Allah ya yi miki albarka.” A filin jirgi ta ja ni gefe ta ce, “Inna, ki tabbata ya gani.” Na ce in sha Allah, ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Tsibirin ba laifi, in mutum teku ya je gani. Ruwa shuɗi kamar an juye shuni daga karofi. Ƙasar kuwa duk tsakuwa, ko gero ba zai yi ba, sai itatuwan zaitun da awaki masu hawa dutse. Damina ce a gida, hankalina rabinsa yana kan gyaɗata da na bar wa ƙanin Malam.

Aka zuba mu a doguwar mota tare da Turawa, yawancinsu tsofaffi masu jajayen wuya. Mu kaɗai ne baƙar fata. Jagorar wata mata ce siririya mai dasashshiyar murya, kullum da laima a naɗe tana ɗaga ta sama don kada a ɓace mata. Aka raba mana wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a kunne, tana magana tana tafiya, muryarta tana zuwa mana ko mun yi nisa. Ni Turancina bai wuce gaisuwa ba, don haka na cire tawa na jefa a jaka. Malam ne yake juya mini abin da ta ce.

Tun ranar farko ya sa mata suna mai masaukinmu. Ya sa na fito da kwalbar soyayyar gyaɗa ta gonarmu da sabon mayafi, muka kai mata, ya gaishe ta da gajiya, da aiki, da mutanen gida. Ta yi murmushi tana duban agogo, ta karɓa ta tura ƙarƙashin kujera. Na ce masa, “Malam, wannan fa ba masauki ba ne. Aiki aka ɗauke ta, kuma 'yarka ce ta biya.” Ya ce, “Duk wanda ya tare ka a ƙasarsa ya nuna maka hanya, mai masaukinka ne. Kada ki ba mu kunya.”

Na ce to ya faɗa mata zancen idonsa, ko ta riƙa sassauta tafiya. Ya ce baƙo ba ya sauka da koke, in tana da lura za ta gani da kanta. Ba ta gani ba. Ba na ce muguwa ce ba. Gajiya ce a fuskarta, irin ta mai sayar da abinci a tasha, wadda ta daina duban fuskar masu saye.

Kwanaki suka yi ta tafiya a banza. An ce yawon tarihi ne, amma rabinsa ciniki ne. Yau a kai mu inda ake matse man zaitun a jera mana kwalabe, gobe shagon takalman fata, gata gidan da ake ɗanɗana giya, mu koma waje mu zauna a kan dakali kamar masu jiran gawa. In an je wurin tarihin kuma, a guje ake yi. Laima ta yi gaba, kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, a koma mota. Ina riƙe da gwiwar hannun Malam ina faɗa masa, “Ga tudu, ga rami, ɗaga ƙafa.” Kafin ya gama bin ginshiƙi ɗaya da kai, muryar ta riga ta kai wani wuri, tana ba shi labarin abin da ba ya gabansa. Abinci kuwa burodi da tumatir da wani cuku mai gishiri, Allah ya sa na taho da yajina. Duk wannan bai dame shi ba. Kullum da safe sai ya ce, “Saura kaɗan, 'yar malam.”

Ana gobe za mu tafi aka kai mu fadar. Sai da aka ɓata safiya a shagon tukwane, muka isa rana ta take tsaka, lokacin da haske yake kashe masa ido gaba ɗaya. Ya sa farar shaddarsa ta salla da hula ƙube, ya fesa turare. Wurin kango ne mai faɗi, da jajayen ginshiƙai da aka tayar, mutane kuwa kamar ranar kasuwa. Muka bi layi muka hau wani bene, aka shigar da mu wani ɗan ɗaki, sai ga shi a bango, bayan igiyar da aka gitta.

Ban zaci yana da launi ba. Bayan zanen shuɗi ne, bijimin ja da fari, wanda yake alkafura jikinsa ja kamar tukunya. Na ce, “Malam, ga shi nan a gabanka.” Ya cire tabarau, ya mayar, ya kare ido da tafin hannu. Daga hasken waje zuwa duhun ɗaki idonsa yana bukatar lokaci, lokacin kuma shi ne babu. Na baya suna turowa, mai gadi yana kaɗa hannu a wuce.

“Me kike gani?” in ji shi.

“Sa ne, ya miƙe. Ga na gaba ya kama ƙaho.”

“Ni shuɗi kawai nake gani. Bari ya washe.”

Bai washe ba. Wani ƙato mai jakar goyo ya shiga tsakaninmu da bangon, aka tura mu waje ta ɗaya ƙofar. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu. Sai na ga Malam ya dafe na'urar kunnensa yana murmushi. Ya ce, “Kwantar da hankalinki. Mai masaukinmu ta ce wannan kwafi ne. Na ainihin yana gidan tarihi a cikin gari, a ɗaki mai sanyi da fitila, har da bencin zama. Gobe da safe za ta kai mu, kafin jirgi.” Ranar har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa a mota.

Da safe motar ta makara, wai wani abu ya lalace sai da aka gyara. Muka shiga da kayanmu, zafi kamar ana gashi. Mun ɗan taɓa tafiya sai jagorar ta miƙe ta yi dogon bayani, mota ta kaure da surutu. Na ga hannaye sun tashi, ta ƙirga. Suka sauka, waɗansu suka tashi, ta sake ƙirgawa. A cikin na biyun har da wata tsohuwa mai farin gashi da ke zaune a gefenmu, ta ɗaga nata har tana miƙewa. Sai jagorar ta dubo mu, ta kira Malam ta tambaye shi wani abu. Ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna, ya ba ta amsa a tausashe. Ta ɗaga kafaɗa, ta yi wa direba magana, waɗansu suka yi tafi. Tsohuwar nan ta juyo ta zuba mana ido, ta girgiza kai.

Na ce, “Malam, me aka yi?”

Ya yi kamar bai ji ba. Sai da na maimaita.

“Lokaci ya ƙure,” in ji shi. “Wuri ɗaya kawai za a iya zuwa, ko bakin teku ko gidan tarihi. Shi ne aka ce a ɗaga hannu.”

“To sai aka yi yaya?”

“Sun kusa yin daidai. Shi ne ta tambayi namu ra'ayin.”

“Ka ce mata me?”

“Na ce mu baƙi ne, duk abin da ta ga ya dace shi ne daidai.”

Na ce, “Hannunka da nawa, da sun rinjaya?” Ya ce wataƙila. Na ce, “Don girman Allah, me ya kawo mu ƙasar nan? Teku muka zo gani? Ba ga dam a Wasai ba, in ruwa kake so?” Ya ce in rage murya. Ya ce ya za a yi mutum ya sauka a gidan wani, a tambaye shi abin da za a dafa, ya buɗe baki ya ce kaza yake so? Ya ce ya zaci za ta sake tambaya. A wurinmu ai haka ake yi: a yi maka tayi ka ƙi, a sake ka ƙi, sai an matsa sannan ka karɓa, kowa ya fita da mutuncinsa. Shi yana zaune yana jiran tayi na biyu, ita kuwa ta riga ta zauna tana latsa waya.

Na ce mu sauka mu ɗauki tasi. Ya ce ba za mu ɓalle daga ayari mu sa matar mutane cikin damuwa ba, ga kayanmu a cikin mota, ga shi gari yana ta nisa. Sai na tashi da kaina, ina dafa kujeru, na je gaba. Na taɓa kafaɗarta. Na nuna Malam, na nuna idona, na rufe su da hannu. Na ɗora yatsu biyu a goshi na yi mata ƙaho. Ni da ko a biki ba na rawa, ga ni ina ƙaho a gaban Turawa, ana ta dariya. Ita ma ta fara dariyar, sai ta ga hawaye a fuskata ta daina. Ta biyo ni har kujerarmu, ta durƙusa ta tambayi Malam ko akwai matsala. Wannan kam na gane amsarsa, domin kalmomin ba su fi ƙarfin Turancina ba. Ya ce mata babu matsala, ya gode.

Ga tayi na biyun ya zo, ya sake ƙi, yana jiran na uku. Ta ɗan tsaya tana dubansa, sannan ta koma wurinta.

A bakin teku muka ƙarasa lokacin da ya rage, a ƙarƙashin wata rumfar kara, mun juya wa ruwan baya saboda tsiraicin mutane. Ya yi alwala da ruwan gora, muka yi sallarmu ta matafiya a kan mayafina. Da ya sallame ya daɗe bai tashi ba, yana ta murza yashi a hannu. A ranar na ji haushinsa irin wanda ban taɓa ji ba tun da aka kai ni ɗakinsa, kuma tausayinsa ya hana ni sakat. Mutumin da ya yi shekaru yana tsawata wa ɗalibai su ɗaga hannu in suna da tambaya.

A filin jirgi jagorar ta zo da sauri ta danƙa masa wani kati mai hoton zanen, ta riƙe hannunsa ta faɗi wata magana. Ina jin sai a lokacin ta gane. Ya yi ta godiya har da rusunawa. Katin bai fi na littafinsa girma ba.

Da muka koma Jamus 'yarmu ta tare mu da murna, tambayarta ta farko ita ce, “Baba, ka gani?” Ya ce, “Alhamdu lillahi, mun je har gabansa.” Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Ta juyo ta dube ni, na sunkuya ina gyara ɗaurin jaka. Har yau ba ta sani ba, ko kuma ta sani tana yi mana kawaici, tunda jininsa ce. Da muka dawo gida 'yan sannu da zuwa suka cika zaure, ya ba su labarin teku da zaitun da awaki. Ba wanda ya tambaye shi zane, don ba wanda ya san da shi.

Kafin a gama ɗaurin dawa kafar ƙyauren nan ta ƙara tsukewa. Zuwa azumi ta rufe. Yanzu yana bambance rana da inuwa, shi ke nan. 'Yarmu ta ce za ta sake shirya tafiyar in ta sami hutu, ya ce ta bar shi haka, ta yi abin da ya isa. Littafin mai jan bango yana kan kanta, katin yana ciki. Wani lokaci nakan tarar ya buɗe shi a cinya yana shafa takardar, ba ma a shafin ba.

Ranar jajiberin ƙaramar salla, bayan la'asar, ina tsakar gida ina yanka albasa sai kalangu ya taso daga wajen kasuwa. Mahauta ne suke zagayawa da bijimin salla kamar yadda suka saba. Shekara da shekaru, da na ji wannan kiɗan nake tashi in turo ƙofar zaure tun kafin ya ce. Na tashi zan yi hakan, sai ya kira ni daga ɗaki.

“'Yar malam, bar ta a buɗe. Fitar mini da kujera ƙofar gida.”

Na kai shi na zaunar, na koma cikin zaure na tsaya daga bayan ƙyaure, inda zai ji muryata. Taron ya iso da ƙura da ihun yara. Baƙin bijimi ne mai tozo, igiya a wuya, igiya a ƙafar baya, samari suna ja yana fizgewa. Da makaɗan suka hango Malam zaune a ƙofa, sai babbansu, wani tsoho da ya yi zamani da mahaifinsa, ya tsayar da su. Ya juya kalangu, ya sako wani take da ban taɓa ji ba. Na ga Malam ya gyara zama, sai na gane taken mahaifinsa ne.

“Me kike gani?” in ji shi.

Na faɗa masa. Na ce ga wani ya fito da warki, ya durƙusa, san yana tonon ƙasa. Na ce san ya kawo suka, mutumin ya faɗa tsakanin ƙahonin, ya rungume wuya, san yana girgiza shi bai sake ba. Wannan karon ba mai turo mu, ba mai cewa a wuce, na faɗa masa komai dalla-dalla, har yadda yatsun mutumin suka nutse a fatar wuyan.

Sai Malam ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama, ya yi musu jinjina a gaban duk mutanen gari. Ya riƙe shi a sama, hannun rigar ya zame har gwiwa, hawaye yana bin gemunsa. Makaɗan suka ƙara wuta. Aka ja bijimin aka yi gaba, kiɗan ya yi nisa, shi bai sani ba ko sun tafi, hannun yana nan a ɗage. Na fito na kama shi na sauke masa a hankali, na ce, “Malam, sun wuce.”